Ɓera Mai Lamba Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta,
janareto na tari a bayan ɗaki.
Daga ni sai keji ashirin da huɗu
da allon da ke jan layi kamar zaren saƙi.

Sha-bakwai, kai ba ka barci.
Fari fat, ido kamar ruwan zoɓo,
'yar hular wayoyi a tsakar kanka,
kana ɓarzar tsaki, ba ruwanka da kowa.

Mu muka ji maka ciwo, ba zan ɓoye ba.
Dakta Kuyet ta auna allurar barci,
ta auna bugun, ba ƙari ba ragi.
Ni na riƙe fitila, ni na ɗinke fata,
ni na ɗumama ka da gorar ruwan zafi
ina bisimilla can ƙasan maƙoshi.
Takardar izini na durowa, sa hannu har uku,
sai dai takarda ba ta yafe wa mutum.
An ce ɓera ɓarawo ne.
Yau mu ke sata a wurinka.

Na Sallau kuwa ba wanda ya auna.
Ƙanena. Gangaren gadar Kawo, ranar Laraba,
ana yayyafi, buhun masara biyu a bayan babur,
hular kwano na rataye a ƙusa a gida.
Kwana tara a gadon asibiti, aka ce ya warke.
Muka yi sadakar waina. Ya koma kan titi.

Wata bakwai, shiru.
Sai ran nan a Kasuwar Barci, yana tayin takalmi,
ya yanke jiki, ƙafa na shure-shure,
jama'a suka dare kamar an ga kumurci.
Wani ya ce kada yawun ya taɓa ku,
wata ta ce iska ce, a nemo hayaƙi,
wani mai tausayi ya cusa cokali,
haƙori biyu suka tafi a banza.

Wannan shirun nake farauta.
Me ake ƙullawa cikin ƙoƙon kai
bayan jini ya tsaya, ƙashi ya haɗe?
Gara ce a cikin azara:
rufi na tsaye, ciki ya zama gari.
Ba ni da ikon buɗe kan Sallau in leƙa.
Shi ya sa kai.

Mako goma sha ɗaya ina gadin layinka,
yana tafiya salin-alin kamar kogin Kaduna da rani.
Yau, uku saura kwata,
gashin bakinka ya ƙame,
wuya ya karkace, hannu ya kama kiɗan da ba ganga,
layi ya haukace yana saran allo.
Sakan arba'in da biyu. Na rubuta.
Hannuna bai yi rawa ba sai da na ajiye biro.

Sha-takwas na gefenka yana sharar barci.
Bugu ɗaya, rana ɗaya, uwa ɗaya.
Don me kai, ban da shi?
In mun gane wannan,
ƙila wata rana a tari farfaɗiya tun tana hanya,
tun kafin ta yi sallama.

Dakta ta ce ɓera ba mutum ba ne,
kada in je in yi wa Inna alkawari.
Ban yi ba.
Kai ma ba ni da abin da zan ce maka:
ranarka na jikin kalanda,
ni na zagaye ta da jan biro.

An kira assalatu daga Unguwar Rimi.
Waya ta yi haske: Yaya, na sha maganin,
ki taho da burodi.
Ka farfaɗo, kana wanke fuska da hannu biyu.
Na sake maka ruwa,
na ƙara maka tsaki fiye da yadda aka rubuta.